Tayoyin Furfura

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki, yaya fama da iskar bakin teku? Ina fata ciwon bayan nan naka ya yi sauƙi, ko da yake na san halinka, ko bai yi ba cewa za ka yi lafiya lau. Mu nan alhamdulillahi. 'Yan biyu suna gaishe ka, babansu ma ya ce in miƙa tasa.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani, kai ka jawo. In na kira ka a waya, daga "to" sai "madalla", kafin in kai ga abin da ya sa na kira har ka ce ana nemanka a wajen aiki. Takarda kuwa ba ta da wurin kashewa, dole ka saurare ni har in gaji don kaina.

Jikin Baba da sauƙi, yana ci yana sha, amma mantuwar sai gaba take yi. Shekaranjiya a cikin firij na tsinci tabaransa. Jiya sau biyu yana kirana da sunan Mama, ban gyara masa ba, amsawa kawai na yi. Sai dai abin mamaki, in maganar mota ce ko wasali ɗaya bai manta ba. Shekara talatin yana koya wa mutane tuƙi, abin ya zauna masa a ƙashi. Ba zai iya gaya maka yau wace rana ba ce, amma tambaye shi iskar da ake sa wa tayar baya, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa har da faɗa a kai.

To maganar motar ce ma ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da likita ta sa muka karɓe makulli daga hannun Baba, ni nake fama da Furfura. Ni ce kai yara makaranta, ni ce zuwa kantin maganin da nake aiki, ni ce asibitin Baba duk Talata. Tsohuwar tana nan da ranta, launin tokar nan nata da ya sa Mama ta raɗa mata sunan ma bai koɗe ba. Amma tayoyinta sun gama aiki, Yaya. Na yi musu gwajin ashana yadda Baba ya koya mana, na cusa kan ashana a cikin zanen taya, wallahi kan nan gaba ɗaya a waje yake yana kallona. Na shiga gareji na gwada waɗanda muke sauyawa da su in sanyi ya shigo, da ke jibge a lungu, su ma haka. Tayoyi takwas duk sun suɗe a shekara ɗaya, kamar sun haɗa baki.

Sai na tafi wajen Mai Taya, wancan na bayan tashar mota, mai gajeren yatsa. Shagon yana nan yadda ka san shi, warin roba tun daga bakin titi, tayoyi jere har rufi, da kujerar nan mai ƙafa uku da ya tokare da tsohon rim, ƙarfen nan da ake sa taya a kai. A kanta ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce tayar zafi robarta da tauri, tana kama busasshen titi, amma da sanyi ya shigo sai ta sandare ta riƙa sulɓi kamar sabulu. Ta sanyi kuma laushi gare ta, da ƙananan tsage-tsage masu riƙe jiƙaƙƙiyar hanya, amma zafi cinye ta yake yi. Duk wannan na sani, a gidanmu da shi aka yaye mu. Abin da ban sani ba shi ne akwai ta uku, wadda ake sawa a bar ta rani da damina, zafi da sanyi, ba a cirewa sai ta mutu. Bai ɓoye mini ba, ya ce ba ta kai ta zafi a zafi ba, ba ta kai ta sanyi a tsananin sanyi ba, 'yar tsaka-tsaki ce. Amma ga mai tuƙi irin nawa, cikin gari, ba gudu ba tsere, ya ce ta isa har ta yi saura.

Ya nuna mini lambobin da ke gefen taya, ya ce dole su yi daidai da na takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Ya nuna mini wasu lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta, ya ce kada in yarda a sayar mini da wadda ta tsufa a ɗakin ajiya, don taya ko ba ta taka ƙasa ba tana tsufa. Ya kuma ce in nemi mai ɗan zanen dutse a jiki, ita ce aka gwada a kan santsi. Sai maimaitawa yake yi kamar yana magana da 'yar firamare, har na ce masa ni da nake karanta rubutun likitoci kullum, lambar taya ba za ta gagare ni ba. Na zaɓi guda huɗu, ranar Alhamis za a sa.

Yanzu ga abin da nake so ka ji da kyau. Ka huta, Yaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan, sau biyu duk shekara, kana yin tafiyar awa goma sha huɗu don ka sauya taya huɗu. Ka iso Asabar da safe, ka ciro shuɗiyar rigar aikin nan daga ƙusa, Baba ya zauna a kan ɗan bencinsa da alli a hannu. Ka cire, ya rubuta wa kowace taya gefen da aka ciro ta, ka ɗaura, ya duba. Daga "miƙo sifana" sai "ƙara ɗaurewa", ba mai ce wa wani ci kanka. In kawo shayi ka sha a tsaye, kafin la'asar ka kama hanya, ko takalminka ba ka cirewa a gidan. Ni da nake leƙenku ta tagar kicin, abin yana ci mini rai ba kaɗan ba. Ga bayanka, ga shekaru sun fara ja. Na ce bari in sauke maka wannan kaya. Daga bana ba sai ka zo don taya ba.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata zanin ya iso kuma ya yi mini kyau. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Allah ya sa kowa yana lafiya.

Amsarka ta iso. Na juya takardar gaba da baya ina neman sauran, ashe ke nan. "Na gode. Hakan ma ya yi. Allah ya sa albarka." Layi uku, Yaya, kamar takardar magani. Na san ka tun kana goya ni, in ka ce "hakan ma ya yi" to bai yi ba. Kuma gaskiyarka, bai yi ba. Garin neman gira na rasa ido, bari in gaya maka yadda aka yi.

Ranar Alhamis aka sa tayoyin a kan rim ɗin na zafi. Na sanyi kuwa, da su da rim ɗinsu, na bar wa Mai Taya, na ce ya yi yadda ya ga dama da su, garejin ma ya samu sarari. Da na dawo gida Baba yana bakin ƙofa yana shan hantsi. Tun kafin in kashe mota ya miƙe, wai ƙarar tayar ta sauya. Ya zagaya Furfura sau biyu yana dafa ta, ya sunkuya da kyar ya danna babban yatsa a cikin zanen, ya sa na karanta masa lambobi huɗun nan. Ya gyaɗa kai ya ce sabuwa ce fil, ba a cuce ni ba, wanda ya zaɓa ya san taya. Wallahi har wani daɗi ya kama ni, ka san yabon Baba ba a samunsa a banza.

Daga nan sai ya shiga gareji, ya nufi lungun da ake jibge na sanyi. Ba komai a wurin sai da'irar da suka bari a kan siminti. Ya tsaya yana kallon da'irar nan. Ya tambaye ni ina suke. Na yi masa bayani tiryan-tiryan yadda Mai Taya ya yi mini, har da zanen dutsen, na ce waɗannan ba a sauya su, zafi da sanyi duk nasu ne. Can sai ya ɗago ya tambaye ni, to in ba a sauyawa, shi me zai zo yi?

Bai ambaci sunanka ba, amma na san wa yake nufi. Ni duk shekarun nan gani nake yi horo kake yi wa kanka, shi kuma yana zaune yana kallo don bai huce ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa tayar nan ita kaɗai ce ƙofar da ta rage a tsakaninku ba. Ku biyu kun gaji taurin kai daga wuri ɗaya, ba mai iya cewa ina son ganinka, sai dai a ce lokacin sauya taya ya yi. Ni kuma uwar iyawa na zo na toshe ƙofar, har ina jiran a gode mini.

Ba mu taɓa yin maganar nan da kai ba, amma yau sai na yi, in ka ga dama ka yi fushi. Shekarata goma sha bakwai a lokacin, ba yarinya ba ce, ina tune da komai. Ka yi alkawarin zuwa ranar Asabar ka sa na sanyi, sai abokanka suka ja ka kallon ƙwallo, ka ce sai mako mai zuwa. Ranar Talata aka tashi da ruwa mai sanyi, na farko a shekarar. Baba ya ɗauki Mama zai kai ta duba ƙanwarta, a kwanar gada motar ta sulɓe ta daki ƙarfen gefen hanya, ta ɓangaren da Mama take. Ina tsaye a barandar asibiti, ina riƙe da takalminta ɗaya, lokacin da Baba ya dube ka ya ce kai ka kashe ta. Sau ɗaya ya faɗa, bai sake ba, amma bai janye ba. Tun ranar bai ƙara kiranka Injiniya ba, sunan da ya sa maka tun kana rarrafe a ƙarƙashin mota kana sace masa noti. Wata uku bayan haka ka nemi aiki a inda ya fi ko'ina nisa.

Ga abin da ba ka sani ba. Ka san ma'aunin sanyin nan da ke rataye a ƙofar gareji? Duk ƙarshen zafi, kullum da safe sai Baba ya je ya duba shi, ko shayi bai sha ba. In ya ga ya sauka ƙasa da digiri bakwai kwana uku a jere, sai ya shigo kicin ya ce mini lokaci ya yi, a sanar. Da haka nake sanin ranar da zan kira ka. Kuma duk daren Juma'ar da za ka zo, shi da kansa yake wanke rigar aikin nan ya shanya, ya hana kowa taɓawa. Ban taɓa gaya maka ba don na ɗauka tsabar son tsari ne irin nasa.

Yau da safe ma ya duba. Tara ya nuna. Ya shigo ya gaya mini saura kaɗan, ya manta da duk bayanin da na yi masa. Ban iya maimaitawa ba.

Na yi kuskure, ka yafe mini. Ka manta da wasiƙata ta farko, ka zo kamar yadda ka saba. Ina jiran amsa, kuma don Allah ta wuce layi uku.

Taka,
Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Anti ta gaya mini a waya cewa wasiƙata ta iso, ka karanta ta a tsaye, ka ninke ka sa a aljihu, kuma wai jiragen ruwa sun yi yawa a tashar da kake aiki, ba za a ba ka hutu ba sai ƙarshen wata. To na ji. Amma shekara goma sha ɗaya jiragen nan suna zuwa, ba su taɓa hana ka ba sai bana.

Ba faɗa na zo yi ba, ko da yake bakina yana ƙaiƙayi. Labari zan ba ka. Na koma wajen Mai Taya na ce ya ba ni tayoyin sanyinmu. Ya dube ni kamar na zautu, ya ce ai suna bayan shago cikin tarin da motar masu sayen tarkace za ta kwashe. Na tuɓe mayafi na ɗaura a ƙugu na shiga tarin nan da kaina. Awa biyu ina juya tayoyin mutane, ruwan da ya kwanta a cikinsu yana zubo mini a ƙafa. Da rubutun Baba na gane namu, allin bai goge ba: gaba dama, gaba hagu, baya dama, da kyakkyawan rubutun nan nasa na malamai. Baya hagu kuwa ko sama ko ƙasa. Mai Taya ya ji tausayina ya nemo mini wata mai kama da ita, na karɓi alli na kwaikwayi hannun Baba iya ƙoƙarina.

Da na jera su a lungunsu, Baba ya zo ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai kan ta huɗun sai ya tsaya, ya kalle ni ta saman tabarau ya ce wannan baƙuwa ce, kuma wanda ya yi rubutun nan a sake mayar da shi aji ɗaya. Na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar ni da hawayen.

Ma'auni ya sauka ƙasa da bakwai tun kwana goma sha biyu da suka wuce. Ya ce a sanar, na ce na sanar. Asabar biyu ke nan yana fita gareji tun da sassafe, ya zauna a kan benci da rigar aikinka a ninke a cinya, alli a aljihun gaba. Ya fito da jek da sifana ya jera su a kan tsumma. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai ya miƙa wuya. Sai azahar nake samu in lallaɓa shi ya shigo, hannuwansa sun yi sanyi kamar ƙarfe.

Kuma ba mantuwa kaɗai ba ce yanzu. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga, in ya taka daga ɗaki zuwa gareji sai ya tsaya sau biyu yana haki. Ranar Talata likita ta sa aka fita da shi, ta rufe ƙofa ta ce mini zuciyar ta gaji, in akwai na nesa a gaya musu. A kantin magani nake aiki, Yaya, na san abin da ake nufi in an ƙara irin ƙwayoyin da aka ƙara masa.

Na san tayoyin nan sun suɗe, ba inda za mu je da su. Ka zo ka ɗaura su ko na awa ɗaya ne, in ya shiga ɗaki mu mayar da sababbin. Ba sai ka ce masa komai ba, shi ma ba sai ya ce ba. Ka durƙusa kawai a inda ka saba ya gan ka. Ƙarshen wata da nisa.

Ƙanwarka da ke jiranka,
Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa gida lafiya, ka samu Anti da yara lafiya. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa shi da Mama a inda ya fi nan, mu kuma ya ba mu juriya. Masu gaisuwa sun ragu, gidan ya yi faɗi. 'Yan biyu har yanzu in sun dawo makaranta ɗakinsa suke fara leƙawa.

Ban riƙe ka da komai ba, ka ji wannan tun farko. Na ga tikitin da ka saya na ranar ashirin da tara, ya faɗo daga aljihun rigarka da nake wanki. Na san da gaske za ka zo. Kwana shida ne kawai suka raba, kuma kwanan ba a hannunka suke ba. In laifi ake nema, ni na fara aika maka da cewa kada ka zo.

Kwana ukun da ka yi a nan ina ta neman yadda zan keɓe da kai, ban samu ba. Ga mutane, ga shi kai ma ba ka yarda mun haɗa ido ba. Ranar da za ka tafi na hango ka ta tagar kicin ka shiga gareji, ka tsaya a gaban bencin nan kusan awa guda ba ka zauna ba. Na ɗora hannu a kan ƙofa zan fito, sai na fasa. Akwai saƙonka a wurina, kuma nauyinsa ya fi ƙarfin bakina, shi ya sa na koma ga takarda.

Asabar ta ƙarshe, kwana huɗu kafin rasuwarsa, ya matsa sai an kai shi gareji. Baban 'yan biyu ya riƙe shi ta gefe ɗaya ni ta ɗaya, muka zaunar da shi, muka lulluɓe shi da bargo. Sanyi ake yi sosai ranar. Na roƙe shi ya koma ciki ya ƙi, ya ce ba a barin mota da tayar zafi a irin wannan yanayi, haɗari ne. Da na ga zai kashe kansa da zama, sai na ce a raina bari in sauya ko guda ɗaya ce, ya ga an yi aikin ya haƙura. Na karɓi rigar daga cinyarsa don kada in ɓata kayana, na zura, na naɗe hannuwan sau uku, na jawo tsohuwar hular sanyinka na rufe kaina. Na durƙusa a gaban tayar gaba ta dama, na ba shi baya. Allah ya sani ban yi niyyar yaudararsa ba.

Na kai hannu ga jek, sai na ji muryarsa ta dawo irin ta da, ya ce a sassauta noti tukuna kafin a ɗaga mota, sau nawa zai faɗa. Na sassauta, sai da na hau kan sifana da ƙafa. Na ɗaga, na cire, na gungura tsohuwar na ɗaura. Ya ce a ɗaure a gicciye, ba a jere ba, wannan sannan na gabansa. Ina cikin ɗaurewa sai na ji ya ce, "Injiniya."

Ka san idonsa ya yi rauni, ga riga, ga hula, ga inda na durƙusa. Na so in juya in ce ni ce, amma na ci gaba da ɗaurewa. Sai ya ci gaba da magana, a hankali, yana tsayawa yana jan numfashi. Zan rubuta maka yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba, don tun ranar nake maimaitawa kada in manta:

"Ranar Litinin ɗin nan, ana gobe za mu yi haɗarin, na fito da jek da kaina. Na ga hadari, na san ruwa na zuwa. Aikin rabin awa ne, na iya. Har na sa shi a ƙarƙashin mota, sai na janye, na ce a'a, bari ya zo ya tarar da aikinsa yadda ya bar shi, ya ji kunya. Don in koya maka hankali na bar su. Da safe kuma na ɗauke ta muka fita a kansu, ina sane. Ni ne, ba kai ba. Na kasa ɗauka ni kaɗai shi ya sa na ɗora maka. Duk zuwan da kake yi ina so in faɗa, sai in ga har ka ɗaure na ƙarshe. Kana da sauri, Injiniya. Ka yafe wa babanka."

Na san in na buɗe baki muryata za ta tona ni, ya gane ba kai ya gaya wa ba, wataƙila kuma ba zai sake samun ƙarfin faɗa ba. Hawaye suna zuba a kan rim ina kallonsu. Sai na gyaɗa kai, sau biyu, yadda zai gani daga baya. Na ji ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdulillahi.

Wannan shi ne abin da ya hana ni barci da sukuni. Maganar da ka yi shekara goma sha ɗaya kana tafiyar awa goma sha huɗu don ka ji, ni na ji ta, a cikin rigarka. Kuma na amsa a madadinka ba da izininka ba. Baba ya tafi yana ganin ka yafe masa. In ka yafe, to gaskiya na gaya masa. In ba ka yafe ba, na yi wa mahaifina ƙarya a maganarsa ta ƙarshe mai ma'ana, don bayan ranar bai ƙara gane kowa sosai ba. Kai kaɗai za ka gaya mini wanne ne, kuma ba zan matsa maka ba.

Saura abu ɗaya. Da na gama ɗaurewa na miƙa hannu baya ba tare da na juya ba, yadda kake yi in kana son tsumma. Sai na ji ya sa mini wani abu ƙarami a tafin hannu ya dunƙule yatsuna a kai. Allinsa ne. Ka san bai taɓa barin wani ya rubuta a jikin taya ba, ko kai. Ya ce daga yau kai za ka riƙa rubutawa. Ga shi nan a cikin ambulan, na naɗe shi a auduga. Ya karye biyu don na matse shi da yawa, ka yi haƙuri.

Washegari baban 'yan biyu ya mayar da sabuwar tayar. Sababbin nan suna da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba, jiya na bi ta kwanar gada cikin ruwa ko gezau Furfura ba ta yi ba. Mai Taya ya ce za su kai shekara huɗu ko biyar ba a taɓa su ba. Ka ga ke nan babu abin da za ka zo sauyawa, ba bana ba, ba baɗi ba. Ba ni da wata dabara da zan jawo ka da ita, kuma na gaji da gidan da sai an fake da taya kafin a ga juna.

Saboda haka a fili nake faɗa, ina son ganin yayana. Kai kaɗai ka rage mini wanda ya san muryar Mama. Na wanke rigar na mayar da ita kan ƙusa, ma'auni yana nan a ƙofar gareji, kuma na sami kaina ina duba shi kullum da safe. In sanyi ya wuce, ma'aunin ya haura bakwai kwana uku a jere, zan sanar da kai kamar yadda aka saba. Ka zo da Anti da yara, ka cire takalminka a bakin ƙofa. Zan dafa shayi, amma wannan karon a zaune za ka sha.

Ka gaishe da kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta